Yadda mai kiwon kunkuru ko damo zai jure surutun mutane da damuwar zuciyarsa

Shekara 11 ke nan ina kiwon kunkuru a tsakar gidanmu da ke Ɗorayi a Kano, na kuma taɓa riƙe damo kusan shekara 2. A duk tsawon lokacin nan ciyar da su bai taɓa wahalar da ni kamar yadda bakin mutane ya wahalar da ni ba. An ce na shiga asiri. An ce kuɗi ne suka yi mini yawa. Akwai maƙwabciyar da ta hana 'ya'yanta shigowa gidanmu damina guda cur. Ga kuma abin da ba wanda yake gani: daren hunturun da barci zai ƙaurace maka saboda dabba ta kwana 4 ba ta ci komai ba, kuma duk wanda ka tambaya dariya zai fara yi maka.

Abin da na lura da shi shi ne, waɗannan wahalhalu biyu igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Mutumin da bai tabbatar da lafiyar dabbarsa ba, shi magana take yi wa zafi, domin a ƙasan zuciyarsa yana tsoron ko masu maganar suna da gaskiya. Shi ya sa rabin abin da zan faɗa a nan aikin hannu ne, ba aikin baki ba.

Kayan da za ka tanada

Littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro, ka ajiye su kusa da wurin dabbar. Sikelin kicin idan kunkurun ƙarami ne. Idan babu, tef ɗin tela ya wadatar, ka riƙa auna tsawon ƙoƙon cikinsa. Ma'aunin zafi na rataye wa a bango. Idan babu, ka duba yanayin gari a wayarka da dare. Tsintsiya, bokiti, buta da sabulu waɗanda na dabbar ne kaɗai, ba sa shiga kicin ko banɗaki. Faranti mai faɗi marar zurfi na ruwa. Akwatin katako ko babban kwali da busasshiyar ciyawa domin kwanan sanyi. Lambar wayar likitan dabbobi, ka same ta tun dabbar tana lafiya. Ɗan asusu da za ka riƙa jefa wani abu duk mako domin ranar magani.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi wuyar samu: mutum ɗaya da za ka iya gaya wa damuwarka bai yi maka dariya ba. Ba dole sai mai kunkuru ba. Nawa wani dattijo ne mai kiwon tattabaru, kuma ya san zafin tashi da safe ka tarar da abin da kake so a kwance.

1. Gyara wurin kafin ka amsa wa kowa

Idan wurin dabbarka yana wari, ƙuda yana bi, ruwan sha ya yi kore, to ba ka da bakin magana, ko da mai sukarka don hassada yake yi. Ka share kashi kullum da safe, ka sauya ruwa, ka kwashe ragowar ganye kafin yamma.

Babban kunkurun da aka fi gani a gidajen Kano shi ne na Sahel mai ƙaya a cinyoyi, wanda shi ne mafi girma a kunkuran tudu na Afirka, in ban da na tsibirai. Yakan wuce kilo 50, yakan rayu fiye da shekara 50, kuma gwani ne wajen haƙa rami. A nan yawancin rigima da maƙwabta take farawa. Nawa ya taɓa haƙa rami a gindin katangar ƙasa da ke tsakaninmu da maƙwabci, da ruwan Agusta ya sauka katangar ta tsage. Maƙwabcin ya yi faɗa, kuma gaskiyarsa ce, na biya gyara ban ja ba. Don haka ka binne bulo a ƙasa kamar rabin mita a zagayen wurin, ka kuma yi masa inuwa mai sanyi nesa da katanga, inda zai haƙa ba ɓarna. Zafin Afrilu da Mayu a Kano yakan haura digiri 40, dole ya nemi mafaka.

Damo kuwa mai hawa ne, yana da ƙarfin farce, yana bulala da wutsiya, yana cizo. Wurinsa sai da murfin waya mai sakata. Damon da ya kuɓuce ya faɗa ɗakin maƙwabta zai jawo maka maganar da shekara ba za ta goge ba.

Maciji ban ba da shawarar a ajiye shi a gidan iyali ba sam. Mai dafi irin su kububuwa, kasa da gamsheƙa kuwa babu ma zancensu. Wanda ya soki mai ajiye su ya yi daidai.

2. Ka buɗe littafi

Kullum ka rubuta layi ɗaya: kwanan wata, abin da ya ci, ko ya yi kashi, ko ya fito ya sha hantsi. Duk Juma'a ka auna nauyi ko tsawo. Minti 2 ne aikin.

Amfaninsa yana fitowa ne ranar tsoro. Zuciya mai damuwa tana ƙara wa abu gishiri, za ta ce maka ya yi mako bai ci ba, littafi ya nuna maka kwana 2 ne. Idan shekara ta zagayo za ka ga da idonka cewa bara ma a Disamba da Janairu cinsa ya ragu, sannan ya dawo da zafi ya shigo. Waɗannan dabbobi jikinsu ba ya samar da ɗumin kansa, daga waje suke ɗauka, shi ya sa sanyi yake rage musu ci da motsi. Wannan ɗan ilimin kaɗai ya sauke mini rabin nauyin da nake kwana da shi.

Wani abin da ke firgita sabon mai kiwo: farin abu kamar kindirmo da kunkuru yake fitarwa tare da fitsari. Ba cuta ba ce, haka jikinsa yake fitar da datti. Sai idan ya zama tsaki-tsaki kamar yashi, alamar ƙarancin ruwa ce, ka zaunar da shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi da bai wuce haɓarsa ba na minti 15 zuwa 20.

3. Ka raba suka gida uku

Duk maganar da aka yaɓa maka, kar ka amsa a take. Ka bari ta kwana, da safe ka tambayi kanka wane gida ta faɗa.

Gida na farko, magana mai gaskiya ko da an faɗe ta da gatse. Misali, a ce dabbar tana iya sa wa yara cuta. Gaskiya ne. Kunkuru da damo da danginsu sukan ɗauki ƙwayar salmonela a cikinsu ba tare da sun yi ciwo ba, ita kuwa tana sa wa mutum gudawa da zazzaɓi, ta fi illa ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi da masu ciki. Maganinta wanke hannu da sabulu bayan kowane taɓi, da hana ƙananan yara wasa a wurin. Ko a ce maka ana ƙarar da su a daji. Wannan ma gaskiya ne. Kunkurun Sahel yana cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, yana cikin jerin yarjejeniyar CITES da ke sa ido a kan cinikin dabbobin daji tsakanin ƙasashe, Najeriya kuma tana da doka a kan irin wannan ciniki tun 1985. Kar ka sayi wanda aka kamo daga daji, ka nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gida. Irin wannan suka gyara ake yi, a kuma gode wa mai ita.

Gida na biyu, maganar tsoro da rashin sani. Mai ita ba maƙiyinka ba ne, bayani yake buƙata, sau ɗaya ko biyu, cikin sanyin murya.

Gida na uku, tsokana. Mai ita ba amsa yake nema ba, ɓacin ranka yake nema. Shi ne wanda za ka ari halin damo a kansa, sarkin haƙuri, kurum ta gamshe shi da kowa.

Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne jefa komai a gida na uku. Da zarar ka fara ganin duk mai magana a matsayin mahassadi, ka rufe ƙofar da gyara yake shigowa, dabbar ce kuma za ta ɗanɗana kuɗarta.

4. Mutanen gida su ne farko

A nan zan daɗe, domin maganar ɗan majalisa tana ƙarewa a bakin titi, ta gida kuwa da ita ake kwana.

Ranar da na kawo kunkuruna na farko mahaifiyata ta dube shi ta dube ni ta ce, "Kai yanzu duk dabbobin Allah ka rasa abin kiwo sai wannan? Tunkiya ba ta yi maka ba?" Na yi kuskure a ranar, na shiga kawo hujjoji kamar ina gaban alƙali. Uwa ba a kayar da ita da hujja. Abin da ya yi aiki bayan mako guda shi ne na durƙusa na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri na kawo shi ban nemi izininki ba. Ki ba ni wata 3. Idan kika ji wari ko ya ɓata miki wani abu, da kaina zan fitar da shi." Ta ce Allah ya shirya, ta yi shiru. Na riƙe alƙawarin tsafta, wata 3 ya wuce ba ta ƙara tayar da maganar ba. Daga baya ita take ajiye masa ɓawon kabewa.

Abin lura a nan: ka nemi izini, ka sa wa'adi, ka faɗi sharaɗin da kai ma za ka cika. Idan kuma iyaye suka kafe cewa ba su yarda ba, a gidansu kake, ka bi umarninsu ka duba mataki na 9. Babu dabbar da ta kai fushin iyaye.

Uwargida kuma damuwarta takan zama abu uku: aikin zai dawo kanta, kuɗin cefane zai ragu, ko kuma ka fi ba dabbar lokaci. Duk ukun tana da haƙƙin tambaya. Kar ka ɗora mata shara ko ciyarwa sai idan ita ta nema. Ka nuna mata abin da kake kashewa, kuma ka rage shi, domin abincin kunkuru na asali ciyawa ce, ba latas da kankana ba. Kiri-kiri da harkiya da damina, ingirici da rani, ɗan ganyen zogale ko na dankalin Hausa, da garin ɓawon ƙwai dafaffe saboda ƙarfin ƙoƙo. Ragowar ganye a kasuwar 'Yan Kaba kusan kyauta ake samu, ka dai wanke shi sosai. 'Ya'yan itace masu zaƙi suna ɓata masa ciki, tuwo da shinkafa da nama ba abincinsa ba ne. Harawa kaɗan-kaɗan. Idan ta ga kiwon ba ya taɓa tukunyarta, rabin rigimar ta mutu.

Idan gidan haya kake, ka gaya wa mai gida tun kafin ya ji a bakin wani.

5. Zargin tsafi da maganar majalisa

Wannan shi ya fi ciwo, domin addininka da mutuncinka ake taɓawa. Ka fahimci inda ya samo asali: mutane sun saba ganin ƙoƙon kunkuru da busasshiyar hawainiya a shimfiɗar masu maganin gargajiya, sun ga gardawa da macizai, ga labaran da ake yi cewa ajiye kunkuru yana kare gida ko yana jawo arziki. Wanda ya ga naka da wannan idon zai fara kallonsa.

Ɓoyewa ita take ciyar da zargi. Abin da aka rufe a ɗaki aka sa kwaɗo, shi ake ƙirƙira wa labari. Ka ajiye shi a fili, ka gayyaci dattijo ɗaya mai faɗa a ji a layinku ya gani da rana tsaka yana cin ciyawa. Ka shirya amsa gajeriya wadda ba ta sauyawa. Tawa ita ce, "Malam, kiwo ne kawai kamar na zomo. Ba ya kare ni daga komai, ba ya kawo mini komai, Allah ne mai yi. Bismillah ka zo ka gani." Kar ka ƙara a kai. Doguwar kare kai tana kama da rashin gaskiya.

Idan zuciyarka da kanta tana shakka game da hukuncin ajiye shi, ka je wurin malamin da ka yarda da iliminsa ka tambaya, kar ka ɗauki fatawa a majalisa. Abin da kowa ya sani shi ne hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Duk wanda ya tsare mai rai, amanar ci da shansa tana wuyansa. Ni wannan ya fi tsorata ni fiye da bakin unguwa.

Masu cewa mutane suna yunwa kana ciyar da kunkuru, kar ka yi musu da su. Ka duba kanka ko kana sauke haƙƙin iyali da na maƙwabci. Idan kana yi, ka wuce.

Idan magana ta kai ga barazana, ko yara suna jifan dabbar ta kan katanga, ka je wurin mai unguwa da kanka tun kafin a kai ƙararka. Ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da nake kiwo, ga yadda na killace shi, ina so a zo a duba." Wanda ya fara kai kansa ya fi samun kunne.

6. Intanet

Idan ka sa hoto a Facebook ko TikTok, ka san za a yi magana. Ka ɗauki gyaran da ya zo da dalili, ka toshe mai zagi, kar ka karanta sharhi bayan sallar isha'i. Ka kuma tuna yawancin shawarwarin da ke can an rubuta su ne don masu kiwo a Amurka da Ingila, inda sai an sayi fitila ta musamman a madadin rana. Kai rana kyauta take sauka a tsakar gidanka, kar hoton kejinsu ya sa ka ji ka gaza.

7. Ranar da dabba ta kwanta

Tsoro yana sa mutum ya yi abu biyar a lokaci guda, a nan ake kashe dabba. Ka fara da kanka. Ka zauna, ka yi a'uziyya, ka ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali sau 10. Sannan ka ɗauko littafi ka duba yaushe abin ya fara.

Ka duba ɗumi da farko. Daren hunturu a Kano yakan sauka ƙasa da digiri 15, wannan ya yi wa kunkuru sanyi, musamman ƙarami. Ka shigar da shi akwati a ɗaki da dare, ka fito da shi idan hantsi ya ɗaga. Kar ka kusantar da shi da gawayi ko risho. Ka jiƙa shi a ruwa mai ɗumi. Sau da yawa wannan kaɗai yake tayar da shi.

Alamomin da ba a jira da su: kumfa ko majina a hanci, numfashi da baki buɗe, idanu a kumbure a rufe, ƙoƙo ya yi laushi, rauni mai tsutsa, ko nauyi yana ta raguwa mako bayan mako. Ka kai shi asibitin dabbobi, ka tafi da littafinka. Idan likitan bai saba da irinsu ba, ka roƙe shi ya tuntuɓi abokan aikinsa na gidan zoo na Audu Bako ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Gargaɗi mafi girma: kar ka bari a yi wa kunkuru allurar tsutsa ta awaki da shanu mai sinadarin aibamektin, irin su Ivomec. Tana shanye masa jiki, tana kashe shi. Za ka sami masu ba ka wannan shawara da kyakkyawar niyya saboda ta yi wa akuyarsu aiki. Ka ce na gode, kar ka yi.

8. Ka sa wa damuwa iyaka

Dubawa sau 2 a rana ta isa, safe da yamma. Tashi da fitila ƙarfe 2 na dare ba ya ƙara masa lafiya, yana dai hana ku barci ku biyu. Yawan ɗauka da juyawa ma takura ce gare shi, shi ba kyanwa ba ne. Abu ɗaya da ya cancanci leƙawa da rana shi ne ko ya kife a bayansa, domin kunkurun da ya kife a cikin rana zai iya mutuwa. Ka cire duwatsu da matakalar da yake hawa, ka koya wa wani a gida yadda ake mayar da shi.

Ka koya wa mutum ɗaya aikin gaba ɗaya domin ka iya tafiya biki ko ta'aziyya hankali kwance. Kar ka ƙara dabba ta biyu a lokacin da ta farko take ba ka wahala, musamman maza biyu, faɗa suke yi har ɗaya ya kifar da ɗaya.

Ka kuma yi wa kanka gaskiya. Wani lokaci ba kunkurun ne damuwar ba, bashi ne ko rashin aiki ko matsalar aure, sai zuciya ta rataya su a wuyan dabba. Idan ka kai mako 2 ba barci, ba cin abinci, kana fushi da iyali ba dalili, abin da kake so ya daina yi maka daɗi, wannan ya wuce maganar kiwo. Ka ga likita. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Dawanau. Zuwa can ba hauka ba ne, kamar zuwa awon hawan jini ne.

9. Idan ya mutu, ko riƙon ya fi ƙarfinka

Ƙaramin kunkuruna na biyu ya mutu a wani hunturu, kafin in san maganar shigar da su ɗaki. Wani ya ce mini, "To, an huta." Ban amsa ba, amma na kwana biyu abin yana cina. Idan haka ta same ka, ka binne shi da zurfi, ka wanke wurin da ruwan bilic, ka buɗe littafi ka nemo abin da za a gyara, ka rubuta shi a layi ɗaya. Ka gaya wa mutumin nan naka guda ɗaya. Kar ka yi gaggawar sayo wani a makon.

Idan kuma dabbar ta zame maka kadangaren bakin tulu, riƙewa rigima, rabuwa ciwo, ka zaɓi abin da ya fi mata. Ka nemi mai fili da ya san kiwonsu, ka je ka ga wurin da idonka, ko ka tuntuɓi gidan zoo ka ji ko suna da wurin karɓa. Kar ka sayar wa wanda ba ka san abin da zai yi da shi ba. Kar ka yar da shi a bayan gari inda yara da karnuka za su same shi, kuma kar ka jefa shi a kududdufi da sunan ka 'yanta shi: kunkurun tudu ba kififiya ba ne, bai iya iyo ba, nutsewa zai yi. Ranar miƙawa ka haɗa wa sabon mai shi da littafin, da farantin ruwan da ya saba da shi, da ciyawar kwana 3.